Dukiyar da ke Saman Kunya: Dankalin Ado da Darajar Ganyen Dankali a Yankin Bakolori

Tsakure

Dankalin Hausa, wanda ake kira kudaku a ƙasashen Zamfara da Sakkwato, amfanin gona ne da aka saba auna darajarsa da abin da ya haifa a ƙarƙashin ƙasa. A wasu sassan duniya kuwa an fitar da nau'o'insa da ake shukawa domin launin ganyensu kawai, ana ƙawata gidaje da tituna da su. Wannan maƙala ta yi bayanin dankalin ado, da inda launinsa yake fitowa, da yadda za a iya renonsa a yanayin Talata Mafara da Bakura da Maradun, wato ƙananan hukumomi uku da suka yi tarayya a ruwan madatsar Bakolori. Maƙalar ta nuna cewa ganyen dankali ya riga ya zama haja a wannan yanki, a matsayin iri da abincin dabbobi. Saboda haka duk wani baƙon nau'i da za a shigo da shi domin ado zai taɓa irin manoma kai-tsaye, ko dai ya ƙarfafa shi ko ya gurɓata shi.

Fitilun Kalmomi: Dankali, Kudaku, Ado, Iri, Noman Rani, Bakolori

1.0 Gabatarwa

Mai wannan maƙala ya fara cin karo da dankalin ado ne a ƙofar wani masaukin baƙi a Abuja. An jera manyan tukwanen siminti, wata shuka ta cika su ta zubo har ƙasa, rabinta shunayya mai duhu kamar an rina ta a karofi, rabi kuma tsanwa mai haske da ta kusa komawa rawaya. Duk wanda ya tashi a bakin fadama ba zai ɓata ganyen ba, ko da an sauya masa riga. Da aka tambayi mai kula da lambun, sai ya tabbatar da cewa dankali ne, ya ƙara da cewa a wurin masu sayar da furanni na bakin titi ake sayo shi cikin leda. Kuɗin da ya ambata na leda guda mai reshe biyu ya isa a sayi kashin dankali mai auki a kasuwar Mafara.

Abin ya ba da dariya a lokacin, daga baya kuma ya ba da tunani. Bahaushe ya yi wa dankali kirari da sha-kushe, domin ana ci ana raina shi. Idan ɗan da ake ci ya sha kushe, ina ga ganyen da ake watsa wa awaki? Ga shi kuma wannan ganyen ne aka ɗora a ƙofar manyan gine-gine ana biyan mai gadinsa. Tambayar da ta haifar da wannan maƙala ita ce: mene ne wannan shuka, kuma me zai faru idan ta iso yankin da dubban manoma suka dogara da ɗan'uwanta na gona?

2.0 Dankali, Kudaku da Danginsu

Masana tsirrai suna kiran dankalin Hausa da sunan Ipomoea batatas. Ba shi da dangantaka ta kusa da dankalin Turawa da ake nomawa a Filato, duk da tarayyarsu a suna. Wancan ɗan gidan tumatir da gauta ne. Dangin dankalin Hausa su ne tsirrai masu yaɗo irin su yaryaɗi da duman kada da ke shimfiɗe a bakin tafkuna da magudanan ruwa. Wanda ya dubi furen duman kada ya dubi na dankali zai ga kama: duka biyu kamar bakin kakaki suke, da ruwan hoda-hoda da duhu a maƙogwaro. Sai dai duman kada yana cutar da dabbobi idan sun ci shi da yawa, ganyen dankali kuwa yana gina su.

Asalin dankali daga yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, inda aka yi dubban shekaru ana noma shi kafin zuwan Turawa. 'Yan kasuwar Fotugal ne suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16, daga nan ya bi hanyoyin fatauci ya kutso cikin ƙasa. Ya daɗe a ƙasar Hausa har ya sami sunaye fiye da ɗaya. Bayan dankali da kudaku akwai lawur, wanda aka fi jinginawa ga farin nau'i. Ya kuma shiga maganganun azanci, domin “kashin dankali” ya zama suna ga duk tsarin da manya ke zaune a kan ƙanana. A yau Sin ce kan gaba a duniya wajen noma shi, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da suka fi noma shi a Afirka.

Akwai halaye biyu na wannan shuka da ya kamata a riƙe, domin a kansu sauran bayanin ya ginu. Na farko, dankali yana da tarin ƙwayoyin gado: kuromozom 90 ne a cikin kowace ƙwayar halittarsa, jeri shida, alhali yawancin tsirrai da dabbobi jeri biyu gare su. Wannan ya sa idan fure biyu suka yi barbara suka ba da 'ya'ya, kowane ɗa yakan fito da kamanninsa daban, wani ganyensa kamar zuciya, wani mai yatsu kamar na rogo, wani kore, wani ja. Na biyu, manomi ba ya shuka waɗannan 'ya'yan. Yaɗon yake yankewa ya binne, sabuwar shukar kuma ta zama kwafin uwarta ba ragi ba ƙari. Hali na farko shi ya ba masu ƙirƙirar iri damar samun launuka, na biyu kuma ya ba su damar riƙe launin da suka samu. Amma yaɗon da ya gaji launin uwarsa yakan gaji cutarta ma.

3.0 Daga Ina Launin Yake Fitowa?

Dankalin ado da dankalin gona jinsi ɗaya ne. Bambancinsu yana ga abin da mai zaɓen iri ya sa wa ido. Manomi ya yi ɗaruruwan shekaru yana ajiye nau'in da ya fi 'ya'ya da gari da zaƙi, mai lambun ado kuwa ya ajiye wanda ya fi kyan ganye, ko da abin da yake haifa a ƙasa bai cika tafin hannu ba.

Sinadarai uku ne ke rabon launi a jikin ganye. Akwai kulorofil, wanda ke ba da kore, kuma da shi shuka ke sarrafa hasken rana ta yi abinci. Akwai dangin karotin masu ba da rawaya da ruwan goro, waɗanda kullum suna nan amma kore ya rufe su. Sai kuma antosayanin mai ba da ja da shunayya, wato sinadarin da ya rina zoɓo da karan dafi. Ganyen da ake gani baƙi-baƙi yana da kore a cikinsa, antosayanin ne ya yi masa lulluɓi. Wannan lulluɓin yana kare ganye daga zafin haske, shi ya sa nau'in shunayya ke ƙara duhu a rana, ya kuma koɗe ya koma kore-kore idan aka ajiye shi a inuwa. Ganye mai tsanwa kuwa ƙarancin kulorofil ne ya ba rawayar da ke ciki damar leƙowa, don haka ba shi da juriya irin ta ɗan'uwansa. Rana mai tsanani tana ƙona gefensa.

Nau'o'in da suka fara yin suna a kasuwar furanni ta Amurka da Turai su ne Blackie, mai ganye shunayya da yatsu, da Margarita, mai tsanwa da siffar zuciya, da Tricolor, wanda ya haɗa kore da fari da ruwan hoda a ganye guda. Waɗannan suna da saurin yaɗo har sukan danne duk abin da aka shuka kusa da su. Daga baya masu binciken dankali a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa, Craig Yencho da Ken Pecota, suka fitar da jerin nau'o'in da ake kira Sweet Caroline a farkon shekarun 2000, waɗanda aka zaɓa domin su taru wuri guda su cika tukunya maimakon su bazu. Abin lura shi ne a sashen da ake inganta dankalin ci aka yi wannan aiki. 'Ya'yan da mai neman abinci zai zubar saboda ba su haihuwa, su ne suka zama jarin mai neman ado.

Nau'in Tricolor yana da wata ɗabi'a da ke ba masu reno haushi. Ƙwayoyin halittarsa gauraye ne, wasu masu kore wasu marasa shi, kuma lokaci-lokaci yakan fitar da reshe kore shar. Da yake koren ya fi ƙarfin yin abinci, idan ba a yanke shi da wuri ba sai ya mamaye tukunyar, mai gida ya wayi gari da dankali irin na kowa.

Ana yawan tambaya ko ana cin abin da dankalin ado ya haifa. Ba guba ba ne, amma galibi ba shi da daɗi. Hattarar da ta fi muhimmanci ita ce masu sayar da furanni sukan yi feshi da magungunan da ba a yi su domin kayan abinci ba, saboda haka shukar da aka sayo daga wurinsu ba ta dace da tukunyar miya ko bakin akuya ba.

Ba a ganye kaɗai launi ya ɗaga darajar dankali ba. Nau'in da cikinsa yake ruwan goro yana ɗauke da karotin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma aikin yaɗa shi a Afirka ne ya sa aka ba Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low na Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima, tare da Howarth Bouis, Lambar Yabo ta Abinci ta Duniya a 2016. A Nijeriya, cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike a Jihar Abiya ta fitar da nau'o'i irin su King J da Mother's Delight. Duk waɗannan ma ta hanyar yaɗo suke isa ga manomi.

4.0 Bakolori: Inda Ruwa Yake, Nan Iri Yake

Domin a gane nauyin ganyen dankali a wannan yanki, sai an yi ɗan lissafi. Idan aka bar tazarar mita 1 tsakanin kunya da kunya, da santimita 30 tsakanin shuka da shuka, hekta guda tana bukatar yankan iri kimanin 33,000. Idan kowane yanka ya kai santimita 30, to manomi yana neman yaɗon da tsawonsa ya kai kilomita 10 kafin ya rufe hekta ɗaya. Mai gero zai ɗebi irinsa daga rumbu a cikin ƙwarya, ya kuma iya ajiye shi shekara. Irin dankali kuwa ɗanye ne, kwanaki kaɗan yake yi bayan an yanke shi ya bushe. A ƙasar da damina take wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, tambayar da ke gaban mai noman dankali kowace shekara ita ce inda yaɗon zai yi sauran watanni takwas yana raye. Masu binciken dankali a busassun yankunan Afirka sun daɗe da gano cewa rashin iri a farkon damina yana cikin manyan abubuwan da ke hana manoma shuka da wuri, wanda kuma ya makara a shuka ya makara a kasuwa.

Amsar wannan tambaya a da ita ce fadama da bakin rijiya. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 kuwa, amsarta a wannan yanki ta haɗa da Bakolori. An gina madatsar a kan Gulbin Sakkwato, a ƙasar Maradun, tsakanin 1974 da 1978, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, kamfanin Impresit na Italiya ne kuma ya yi aikin. An tsara ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ta shayar da fili kusan hekta 23,000 a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ba da arha aka sami wannan ruwa ba. An tashi ƙauyuka, an hana manoma shuka na tsawon lokaci ana daidaita filaye, biyan diyya kuma ya zama kashin dankali. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu a watan Afrilun 1980. Gwamnati ta ambaci adadi kaɗan na waɗanda suka rasu, mutanen yankin da wasu manazarta kuma suka ce ɗaruruwa ne. Björn Beckman ya yi rubutu a kan wannan rikici, W. M. Adams kuma ya nuna yadda tare ruwan ya rage ambaliyar da manoman fadamar ƙasa da madatsar suka dogara da ita. Bayan haka kaso mafi girma na filin, wanda aka tsara a shayar da shi da na'urorin yayyafi, ya daina aiki saboda lalacewar injuna, aka koma dogaro da ɓangaren da ruwa ke gangarawa da kansa ta magudanai. Shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da tallafa masa a 2014, ya sa Bakolori cikin wuraren da ya ɗauki gyarawa.

An kawo wannan tarihi ne domin a fahimci cewa koren filin da matafiyi ke hangowa a watan Maris daga hanyar Gusau zuwa Sakkwato tsibiri ne a tsakiyar rani. Shinkafa ce ta fi suna a wurin, amma dankali yana cikin abubuwan da ake nomawa, kuma duk inda dankali ya ratsa rani yana raye, nan ne rumbun iri na maƙwabta. Mai gonar tudu da bai da ruwa dole ya gangaro ya nemi dami a hannun mai fili kusa da magudana, ko da kuɗi ko da zumunci. Bayan an haƙe dankali kuma, ganyen da ya rage abinci ne mai kyau ga tumaki da awaki da shanun huɗa, musamman a lokacin da harawa ta yi tsada. A Saliyo da Laberiya da Gini ganyen dankali miya ce ta yau da kullum. Bahaushe bai ɗauke shi haka ba, mai yiwuwa domin zogale da rama da kuka da yakuwa sun riga sun cika masa tukunya.

Ke nan manomin Bakolori ya riga ya san kuɗin ganye. Abin da bai saba da shi ba shi ne a sayi ganye domin kallo.

5.0 Renon Dankalin Ado a Yanayin Mafara

A ƙasashen sanyi dankalin ado baƙon bazara ne, ƙanƙara na sauka ya mutu, sai an sake saye wata shekara. A nan ba shi da wannan matsala, domin shukar ƙasar zafi ce ta dawo irin gidanta. Matsalolinsa a nan su ne ƙishirwa da ƙuna da akuya.

Dasa shi ba ya bukatar sabon ilimi ga wanda ya taɓa binne iri a kunya. Ana yanko kan yaɗo mai tsawon santimita 20 zuwa 30, a cire ganyen ƙasa, a binne gaɓa biyu ko uku a ƙasa mai danshi. Wanda ya so ya fara tsoma shi a kwalbar ruwa, cikin mako guda zai ga fararen saiwoyi. Ƙasar da ta dace ita ce ta jigawa da aka gauraya da yashi da ruɓaɓɓen taki, domin dankali ba ya son ƙafarsa ta kwana cikin ruwa. Lakar fadama zalla tana daskarewa a tukunya ta shaƙe saiwa. Dole tukunyar ta kasance da huji a gindi. A nan tsohon tulu ko randar da ta tsage sun fi bokitin roba da tsohuwar taya, domin a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura ma'auni 40, baƙar roba takan dafa saiwar da ke cikinta, yumɓu kuwa yana numfashi.

Wurin ajiyewa ya danganta da launi. Mai shunayya yana iya tsayawa a rana muddin yana samun ruwa. Mai tsanwa da mai launi uku sun fi son hantsi, su sami inuwar katanga ko ta darbejiya daga azahar. A lokacin hunturu girman shukar yakan ragu saboda sanyin dare, ƙura kuma ta dusashe launin, ta ba wasu ƙananan ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo damar zama a bayan ganye. Wanke ganyen da ruwa sau ɗaya ko biyu a mako yana maganin duka biyun. Batun ruwa kuwa, gidan da ake alwala sau biyar a rana yana zubar da abin da ya ishi tukunya biyu ko uku, ruwa ne kuma marar sabulu. Ajiye tukunyar a inda ake alwala ya fi sauƙi a kan ɗaukar buta a bi ta.

Akwai wani wuri da ilimin manomi yake juyewa. Kowane mai noman dankali ya san idan taki ya yi yawa, musamman yuriya, sai shuka ta tafi ganye ta bar 'ya'ya, wannan kuma asara ce gare shi. Ga mai ado, abin nema ke nan. Duk da haka ba a cika hannu, domin yawan takin yakan sa shunayyar ta koɗe, yaɗon ya yi tsawo marar ƙwari. Tsinke kan reshe lokaci-lokaci shi ke sa shukar ta yi rassa ta cika, abin da aka tsinke kuma sabon iri ne.

Akuya ba ta san ado ba. A gidan da ake kiwo, sai dai a ɗora tukunya a kan katanga ko a rataye ta a rumfa, wanda ma ya fi fito da kyan shukar tunda zubowa take yi.

6.0 Haɗarin da ke Biye da Kyan Ganye

A nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan, kuma a ra'ayin mai wannan maƙala wannan ɓangare ya fi duk na baya muhimmanci. Furen da aka kawo daga wata ƙasa aka dasa a ƙofar gida galibi ba ya da dangi a gona, cutarsa tasa ce shi kaɗai. Dankalin ado kuwa duk abin da ya kama shi yana kama dankalin gona.

Babbar cutar dankali a Afirka ta bairas ce, kuma mafi muninta tana faruwa ne idan nau'i biyu suka haɗu a shuka guda: ɗaya darɓa ce ke yaɗa shi, ɗaya kuma farin ƙuda. Shukar da ta kamu takan tsumbure, ganyenta ya yamutse ya yi dabbare-dabbaren rawaya, amfaninta ya zube ƙwarai. Ba a warkar da ita da feshi. Kariyar da manomi yake da ita ita ce idonsa: ya ga shukar da ganyenta ya sauya launi, ya tuge ta, ya ƙi ɗibar iri daga gare ta. To yaya za a gane alamar rawaya a ganyen da tun asali rawaya ne, ko ɗigon shunayya a ganyen da duk jikinsa shunayya ne? Launin da ake saye domin shi, shi ne ke ɓoye cutar. A Amurka an taɓa gano bairas mai nannaɗe ganye a cikin dankalin ado, wasu ma ba tare da wata alama a fili ba.

Na biyu shi ne ƙwaron dankali, wanda nau'o'insa biyu, Cylas puncticollis da Cylas brunneus, suka addabi manoman Afirka. Yana yin ƙwai a gindin yaɗo da cikin 'ya'yan, yana bin tsagar da ƙasa ke yi idan ta bushe, tsutsarsa kuma ta huda dankalin ta bar masa ɗacin da ko dabba takan ƙi. Manoma suna rage shi ta hanyar sauya gona, da rufe tsaga, da kwashe ragowar dankali bayan haƙa, da ɗibar iri daga kan yaɗo maimakon gindinsa. Duk waɗannan dabaru manufarsu a yanke wa ƙwaron abinci na wani lokaci. Tukunyar ado da ta shekara biyu ba a taɓa ta ba, cike da tsofaffin 'ya'ya a ciki, masauki ce da ba a rufewa. Don haka ya kamata duk bayan wata biyar ko shida a juye tukunya, a ƙone tsohon gindi da abin da ya haifa, a sake dasa sabon kai.

Doka ta tanadi cewa shigo da tsirrai masu rai daga waje sai da izini da binciken hukumar killace kayan gona ta ƙasa, amma reshe guda a cikin jakar matafiyi ba ya bi ta gaban kowa. Haka kuma yawancin sababbin nau'o'in ado suna da rajistar mallaka a ƙasashen da aka ƙirƙire su, wadda ta hana a yawaita su domin sayarwa ba da izini ba. Nijeriya ma ta kafa dokar kare haƙƙin masu ƙirƙirar iri a 2021. Idan aka haɗa waɗannan da abin da aka faɗa a baya, cewa filin Bakolori rumbun iri ne ga ƙauyukan da ke kewaye, za a ga cutar da ta shiga nan ba a nan za ta tsaya ba. Dami-dami za a ɗaure ta a kai ta gonakin tudu da farkon damina.

Game da kasuwa ma bai kamata a yi wa kowa romon baka ba. Ƙawar gidan Bahaushe ta fi zama a zanen bango da jeren ɗaki, shukar da yake bari a tsakar gida kuwa mai amfani ce: zogale, lalle, gwanda, duman da ke hawa danga. Masu sayen shuka domin kallo a yankin ba su da yawa, kuma galibinsu ma'aikatu ne da makarantu, irin su Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha da ke Talata Mafara, sai masaukan baƙi da sababbin gidaje a Gusau da Sakkwato. Sana'a ce ta ƙarin kuɗin cefane, wadda matan da ke cikin gida da matasa za su iya yi da tukwane goma. A lokacin da matsalar 'yan bindiga ta hana mutane da yawa a Maradun da Bakura zuwa gonakinsu na nesa, duk abin da za a iya renonsa a cikin katanga ya cancanci a dube shi, amma ba zai maye gurbin gona ba.

7.0 Abin da ke Cikin Gonakinmu

Hanyar da ta fi aminci ita ce a nemi dankalin ado a cikin dankalin gida. Wanda ya ratsa gonakin dankali a Bakolori yana kallon ganye maimakon kunya zai ga ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai faɗi, akwai mai yatsu biyar sirara, akwai wanda tohonsa ja ne kafin ya girma ya koma kore, akwai mai jan kara da jan jijiya. Daga irin wannan bambanci ne aka tsamo Blackie da 'yan'uwansa. Nau'in da aka zaɓo a nan ya riga ya saba da zafin Afrilu da cututtukan wurin, ba ya kawo baƙuwar cuta, ba wanda zai nemi kuɗin mallaka a kansa, kuma idan ya cika tukunya a ƙarshen rani, abin da aka aske daga gare shi iri ne da za a kai gona. Tukunya biyar ba za su rufe hekta ba, amma za su ba da abin da za a yawaita a fangali kafin ruwa ya zauna.

Wannan yana tafiya da wata dabara da Cibiyar Dankali ta Duniya take koyarwa a busassun yankunan Afirka: a zaɓi ƙananan dankali masu lafiya lokacin haƙa, a jera su cikin busasshen yashi a baho, a ajiye a ɗaki mai sanyi, idan ya rage mako shida zuwa takwas damina ta faɗi a binne su a lambu ana ba su ruwa, su toho su ba da iri. Dabarar yashi tana adana irin a ɓoye, tukunyar tsakar gida kuma tana adana shi a fili inda ido ke ganin lafiyarsa kullum.

Aikin tattara waɗannan nau'o'i yana da rabo biyu. Kwalejin aikin gona da ke Bakura tana da fili da ɗalibai da za su iya dasa su jere, a ga wanda launinsa ke tsayawa a rana da wanda ke koɗewa, a kuma ware masu cuta. Ɗaya rabon na masu nazarin Hausa ne. Manoma suna raɗa wa nau'o'in dankali sunaye, wani daga launin bawo, wani daga garin da aka samo shi, wani daga mutumin da ya fara kawo shi, wani daga saurin nunarsa. Da yake ba a ajiye irin dankali a rumbu, nau'in da aka daina dasawa rani biyu a jere ya tafi ke nan, sunansa kuma ya bi shi. Ƙamusun Bargery na 1934 da littafin Dalziel na sunayen tsirrai na 1916 sun kama abin da suka tarar a zamaninsu. Mai son ya rubuta na yanzu sai ya je kasuwar Mafara ranar Talata a farkon damina, ya tsaya inda ake sauke damman iri, ya tambayi kowane mai dami sunan abin da ya ɗauro da ƙauyen da ya yanko shi.